Kira ga Hukumomin Lafiya Kan Waɗanda Koren Tattasai Ke Kayarwa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya, da shugabannin Hukumar NAFDAC da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, da Masu Girma Kwamishinonin Lafiya da na Ilimi na jihohinmu.



Ina neman izini in shigo da wani kuka. Na san gabanku cike yake da manyan matsaloli: zazzaɓin cizon sauro, kwalara, tamowa, sanƙarau idan zafi ya shigo, da matan da muke rasawa wurin haihuwa. Abin da na zo da shi bai taɓa mutane masu yawa kamar waɗannan ba. Sai dai yana iya ɗauke rai cikin rabin sa'a, maganinsa sananne ne tun da daɗewa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ina magana ne a madadin mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani abinci da kowa ke ci lafiya, musamman waɗanda koren tattasai ke tayar wa borin jini da kumburin baki, wani lokaci har da sarƙewar numfashi.

Na zaɓi koren tattasai don shi na ga aikinsa a cikin danginmu, kuma don mai shi ne aka fi yi wa dariya idan ya buɗe baki. Wanda ya ce ƙwai ko kifi ba ya karɓarsa, akan ɗan saurare shi. Wanda ya ce tattasai kuwa, sai a ce iyayi ne ko sanabe. Ga shi kuma shekarun nan koren tattasai ya shiga ko'ina. Tattasan da iyayenmu suka sani ja ne, na miya, ɗanye ko busasshe, irin wanda ake nomawa a fadamun Haɗeja da bakin kogin Yobe har zuwa Diffa a Nijar, kuma sai ya sha wuta a tukunya kafin ya kai baki. Koren nan mai ƙaton ciki marar yaji kuwa, yau jibge yake a kasuwar 'Yankaba ta Kano da Farin Gada ta Jos. Yana cikin soyayyar shinkafar biki, yana cikin salak da kwaɗo, yana cikin ƙwai da indomin mai shayi, ana yanka shi da albasa a kan gasasshen nama. Yawanci kuma sai an kusa sauke girki ake watsa shi don kada korensa ya dushe, wato kusan ɗanyensa ake ci.

Ba kira nake a ƙaurace wa tattasai ba. Abinci ne mai albarka, mai yawan bitamin C, kuma da shi manoman rani da 'yan gwari da masu kayan miya bila adadin suke riƙe iyalinsu. Mafi yawan mutane za su ci shi iya rayuwarsu ba abin da zai same su. Waɗanda yake cutarwa 'yan kaɗan ne, kuma ƙarancin nasu ne ya sa ba wanda ya tanadar musu komai.

Abubuwa daban-daban ne ke biyo bayan cin tattasai, jama'a kuma, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna cakuɗa su. Akwai raɗaɗin attarugu da barkono, wanda sinadarin kafsaisin ke haddasawa. Wannan kowa na jin sa, kuma koren tattasai mai ƙaton ciki ba shi da sinadarin. Akwai wanda fatar tattasan ke yi wa wuyar narkewa, ya wuni yana gyatsa da kumburin ciki, abin da damuwa amma ba ya kisa. Akwai ragowar maganin feshi, idan manomi ya yi feshi yau ya tsinka gobe, wanda yakan taɓa duk waɗanda suka ci kwano ɗaya. Alaji na haƙiƙa, wato ƙin da jiki ke yi wa wani abinci, daban yake da duk waɗannan: mutum goma za su ci, ɗaya ne zai faɗi, kuma ranar da ya sake ci abin zai dawo masa.

A jikin irin wannan mutum garkuwar jiki ce ta ɓata lissafi. Ta ɗauki wani furotin na cikin tattasan abokin gaba, ta ƙera masa makami na musamman da likitoci ke kira IgE, wanda aka gano a shekarun 1960. Makamin yana maƙale jikin wasu ƙwayoyin halitta a fata da hanci da maƙogwaro da hanji, yana dako. Da furotin ɗin ya sake shigowa sai ƙwayoyin su amayar da sinadarai, babbansu histamin. Kamar maigadi ne ya ɗauki baƙon gida ɓarawo, ya kwarara ihu unguwa ta fito da sanduna, ɓarnar da za a yi wa gidan ta fi wadda ɓarawon gaske zai yi. Abin kan fara cikin mintoci, da wuya ya wuce sa'a biyu bai nuna ba.

Ga da yawa a baki yake tsayawa: ƙaiƙayin leɓe da harshe da dasashi, ya lafa bayan ɗan lokaci. Likitocin Turai sun lura irin wannan ya fi kama waɗanda dama ƙurar furanni ke sa su atishawa, musamman ta wata ciyawa dangin tazargade, saboda furotin ɗinta ya yi kama da na tattasai da seleri da karas, jiki ba ya bambancewa. An kuma sha ganin wanda safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi, ayaba da piya ma ba sa karɓarsa, wani har da tattasai. Wasu daga cikin furotin ɗin nan wuta tana lalata su. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana shan miyar jan tattasai lafiya, ranar da ya ci salak mai ɗanyen kore bakinsa ya kumbura, mutanen gida kuma su kafa masa hujja: ai jiya ka sha miya, me ya same ka? Amma akwai furotin da ke jure wuta da shanya, mai irin wannan ko garin tattasai a cikin yaji zai iya kayar da shi. Kore da ja ai abu ɗaya ne, koren bai nuna ba ne kawai, attarugu da barkono kuma danginsu ne na kusa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mataki na ƙarshe, wanda likitoci ke kira anafilaksis. A nan jiki gaba ɗaya ke ɗauka. Murya ta dushe, haɗiyar yawu ta gagara, harshe ya cika baki, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito, ga amai da murɗar ciki, jini ya sauka, jiri ya kwashi mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ba dole sai an ga ƙuraje a fata ba. Wanda bara ƙaiƙayin baki kawai ya yi, ba tabbas bana abin zai tsaya nan, mai ciwon asma kuma ya fi kowa shiga haɗari.

'Yar ƙanwata tana da wannan lalura. A wani gidan biki ta fara kama ta da ƙarfi, bayan 'yan lomomin soyayyar shinkafa. Kafin a ankara leɓunanta sun kumbura, tana sosa wuya tana cewa wani abu ya tokare mata maƙoshi. Matan da ke wurin, Allah ya saka musu, kowace ta kawo abin da ta sani: wannan manja, wannan madara, wata tana tofi, wata tana cewa a nemo wadda ta zuba mata abincin. Aka kai ta ƙaramin asibitin unguwar. Ma'aikacin ya ba ta ƙwayar maganin ƙaiƙayi, ya ce allurar da ake bukata babu ita a wurinsa, a garzaya babban asibiti. A cikin adaidaita sahu aka ratsa gari da ita, ga cunkoso. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Ban ga laifin ma'aikacin nan ba, kayan aiki ne ba a ba shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nisan da ke tsakanin yarinyar da 'yar kwalbar magani, da kuma sanin cewa da a ƙauye muke, nisan nan ya isa ya raba mu da ita.

Ku dubi kuma maganar waccan da ta ce a nemo wadda ta zuba abincin. Idan yaro ya ci tuwo a ɗakin kishiyar uwarsa ya faɗi yana shure-shure, ko amarya ta ci girkin dangin miji fuskarta ta kumbura, kun san abin da za a fara faɗa kafin a tuna da likita: an sa guba, an yi sammu, an ba shi a abinci. Aure kan mutu a kan haka, zumunci ya yanke, a ɗora wa baiwar Allah tabon da ba ta da yadda za ta wanke, alhali abincinta lafiyayye ne, kowa ya ci, ba dai wanda zai zo ya bayyana dalilin da ya sa mutum ɗaya ya faɗi. Rashin sanin ciwon nan yana cutar da waɗanda ma ba su da shi.

Ranku ya daɗe, babban roƙona, wanda ko shi kaɗai aka karɓa na gode, shi ne allurar adirenalin. Ita ce maganin farko na anafilaksis, ba ta da madadi, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A tsokar cinya ta gefen waje ake yin ta, rabin miligiram ga babba, yara gwargwadon nauyinsu, a maimaita bayan minti 5 idan ba a ga sauƙi ba. Tana matse jijiyoyi ta ɗago jinin da ya sauka, ta buɗe hanyoyin iska, ta tsayar da kumburi. A Turai da Amurka masu lalurar suna yawo da ita a aljihu cikin na'urar da mutum ke soka wa kansa, irin su EpiPen. Wannan tana da tsada ƙwarai, samunta a nan kuma sai an sha wuya. Amma 'yar kwalbar da ake zuƙa da sirinji arha gare ta, maganin ciki kuwa ɗaya ne.

Ba sabon abu nake roƙon a ƙirƙiro ba. Ƙa'idar allurar rigakafi ta riga ta tanadi cewa duk inda ake yi wa yara rigakafi a ajiye akwatin gaggawa mai adirenalin, saboda irin wannan faɗuwa da kan biyo bayan allura, ko da yake ba kasafai ba. Ke nan Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, wadda ke aiki tun 1992, ta san maganin, ta san hanyar kai shi lungu, ta kuma horar da ma'aikata a kansa. Roƙona akwatin nan ya zauna a kowane asibitin sha-ka-tafi dare da rana, ba ranar rigakafi kaɗai ba. Mabuɗinsa ya kasance a hannun duk wanda ke bakin aiki, takardar ma'aunin yara da manya tana liƙe a murfinsa, kuma ma'aikaci ya san yana da izinin buɗe shi ga wanda abinci ya kayar, ko harbin ƙudan zuma, ko allurar fenisilin. Kun ga amfaninsa ya zarce masu tattasai nesa ba kusa ba. A kuma tuna da zafinmu. Adirenalin ba ya son zafi da haske, ƙasa da digiri 25 ake so a ajiye shi, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni kan haura 40 a Sakkwato da Nguru da Maiduguri. Dole a sa wanda zai riƙa duba ranar lalacewarsa da launinsa, don idan ruwan ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ya tashi daga aiki.

Kuɗin ma doka ta nuna inda za a samo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, ta ware kashi 20 na asusun ga muhimman magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 5 kuma ga kulawar gaggawa. Sashe na 20 na dokar ya hana kowane asibiti ƙin duba mai lalurar gaggawa. Amma talaka ya san abin da yakan tarar: je ka yanki kati, ga takarda je ka sayo allura a waje. Mai karaya zai iya jure wannan zirga-zirgar, wanda maƙogwaronsa ke rufewa ba zai iya ba. Ina roƙon Masu Girma Kwamishinoni su fitar da umarni a rubuce cewa a irin wannan hali allura ce farko, kati da kuɗi su biyo baya.

Sai maganar hannun da zai yi allurar. Abin da aka saba miƙa wa mai borin jini shi ne ƙwayar Piriton, in abin ya tsananta a ƙara da allurar haidirokotizon. Ta farko tana rage ƙaiƙayi amma ba ta buɗe maƙogwaro, ta biyu sai bayan sa'o'i take fara aiki. Ma'aikatan ƙananan asibitoci da yawa suna shakkar adirenalin, suna ganin maganin zuciya ne da sai likita, alhali jinkirta shi ya fi yin sa haɗari. Ya dace kwalejojin kimiyyar lafiya da makarantun jinya da ungozoma su sa kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa kafin ya karɓi shaida, ya kuma haddace sauran ƙananan abubuwan da rai ya rataya a kansu. A kwantar da maras lafiya a ɗaga ƙafafunsa. Kada a miƙar da shi ko a sa shi ya taka zuwa mota, don zuciya na iya rasa ɗan jinin da ke komo mata. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi zaune, mai juna biyu a kwantar da ita ta gefen hagu, wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko manja. Ko ya warware kada a sallame shi nan take, abin yakan dawo karo na biyu bayan wasu sa'o'i. Masu kemis ma a sa su cikin horon ta hannun hukumar da ke ba su lasisi, tunda wurinsu ake fara zuwa. Abin da ake nema gare su kaɗan ne: su gane alamun, kada su tsayar da mutum suna gwada ƙwayoyi.

Allura ceto ce bayan abu ya faru, kuma ba kullum take cin nasara ba. A watan Yulin 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow a Landan. Ta san riɗi ba ya karɓarta, ta duba takardar jikin burodin ba ta ga an rubuta ba, ashe an cuɗa shi cikin ƙullin. Ta faɗi a cikin jirgi kan hanyar zuwa birnin Nis na Faransa, mahaifinta ya yi mata allurar adirenalin har biyu, duk da haka ta rasu a ranar. Iyayenta ba su yi shiru ba, kuma tun daga 1 ga Oktoban 2021 doka ta wajabta a Birtaniya cewa abincin da aka naɗe a shago don sayarwa sai an rubuta duk abin da ke cikinsa. Layi ɗaya na rubutu da ya hana ta saye tun farko.

Nan ne roƙona ga NAFDAC, wadda tun 1993 take tsaron abin da muke ci da sha. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, Amurka tana da 9 bayan ta ƙara riɗi a Janairun 2023. Cikinsu akwai gyaɗa da riɗi da waken soya da ƙwai da madara da kifi da alkama, wato ƙuli-ƙulinmu da kantu da awara da kunun gyaɗa. Tattasai ba ya cikin ko ɗaya daga jerin biyun, kuma dokokinsu sun yarda a haɗa garinsa da wasu a rubuta “kayan ƙamshi” kawai. Don haka kwafo jerin Turawa ba zai ceci mai alajin tattasai ba. Abin da zai cece shi shi ne a kira kowane abu da sunansa. Ku duba yajin da ake sayarwa a kwalabe da robobi yanzu, na tafarnuwa da na daddawa da na jego, da kilishin leda wanda labunsa gyaɗa ce da barkono. Da yawa sunan mai yi da lambar waya kawai za ka gani. Yawancin masu sana'ar mata ne a cikin gidajensu, da ita suke sayen sabulu da littafin yara, kuma ba na fatan a bi su da tara ko kulle. A sauƙaƙa musu rajista, a ba su samfurin takarda da za su cike su liƙa, da Hausar boko da ajami, da ɗan hoton gyaɗa ko tattasai don wanda bai yi karatu ba. Gidajen abinci da masu girkin biki kuma, duba-gari na ƙananan hukumomi za su iya koya musu cewa wanda ya tambayi me aka sa a ciki ba raini ya zo da shi ba, kuma tsince tattasan daga faranti bai wadatar ba, tunda ruwansa ya riga ya shiga shinkafar, wuƙa da cokali ma suna ɗaukarsa.

Ga Kwamishinonin Ilimi, yaran makarantun kwana ne damuwata. Yaro a gida uwarsa ce ke tsare shi. A makaranta tukunya ɗaya ce, ga manyan ɗalibai masu cewa ba a tashi sai an cinye, shi kuma yana jin kunyar a ce ɗan gata ne. Haka shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta faro a 2016, inda ƙwai ya kasance cikin abin da aka riƙa rabawa. A sa tambaya ɗaya a takardar ɗaukar ɗalibi: akwai abincin da ba ya karɓarsa, kuma me yake yi masa? Amsar ta isa ga masu girki da uwar ɗakin kwana da ma'aikacin ɗakin shan magani, kada ta kwana a fayil. Makarantar da ke nesa da gari kuwa ta fi kowa bukatar akwatin nan na adirenalin.

Masu noman tattasan su ma kada a manta da su. A Holan, inda ake noma shi a rufaffun gidajen gilashi, wani bincike da aka wallafa a 2002 kan ma'aikata sama da 400 ya nuna fiye da rabinsu suna fama da atishawa da ƙaiƙayin ido da makamantansu a wurin aiki, kimanin kashi 35 cikin 100 kuma gwaji ya nuna jikinsu ya ƙi tsiron da ƙurar furensa. Daga baya aka gwada sakin ƙudan zuma a gidajen su kwashe ƙurar, ma'aikatan suka samu sauƙi. Irin wannan noma na rufaffen gida yana ƙaruwa a nan, ga masu injin niƙa da masu dakan yaji da ke wuni cikin ƙurar tattasai. Malaman gona su riƙa kai musu wannan bayani tare da na taki da feshi.

Akwai wani haɗari ta ɗaya gefen da ya wajaba in faɗa, kada gyara ya zama ɓarna. Idan tsoro ya yaɗu ba tare da gwaji na gaskiya ba, iyaye za su fara hana yara ƙwai da gyaɗa da kifi a kan zato, a ƙasar da tamowa ke cin yara, wadda maganin tamowar ma da gyaɗa ake yin sa. Gwajin jini kaɗai kuma yana iya yaudara a irin yankinmu. A Ghana, wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta ya samu sama da kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu suna da IgE na gyaɗa, amma waɗanda suka ce gyaɗar tana cutar da su ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta yawancin wannan da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ƙera makamin da ke ruɗa gwajin. Tsargiya kuwa tana nan a garuruwanmu na bakin madatsun ruwa da noman rani, inda tattasan ke fitowa. Muna bukatar likitocinmu su yi namu binciken a kan namu abincin. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, kowane zai iya ware rana ɗaya a mako don masu alaji. Gwajin fata na kayan lambu ba ya bukatar wata babbar na'ura: ana tsira ɗan tsinken gwaji a ɗanyen tattasan, a tsira a fatar hannu, a duba bayan minti 15, a gaban likita da adirenalin a kusa. Wanda aka tabbatar yana da shi a ba shi kati mai ɗauke da sunan abincin da abin da za a yi masa idan ya faɗi, ya riƙa yawo da shi. A kuma buɗe gurbi a rajistar asibitoci don anafilaksis da abin da ya tayar da shi, maimakon a rubuta suma ko asma ko gubar abinci a wuce.

Saura faɗakarwa, kuma hanyarta a buɗe take. Gidajen rediyon jihohi suna da shirye-shiryen lafiya da mata ke saurare suna aiki, ana tara masu juna biyu ranar awo, limamai da masu unguwanni sun taimaka wajen rigakafin shan inna kuma za su taimaka a nan. Saƙon gajere ne: wanda ya ce abinci ba ya karɓarsa a yarda da shi, kada a ɓoye masa a girki don a gwada shi, idan baki ya kumbura ko murya ta dushe bayan cin abinci a nufi asibiti nan take, a bar neman mai laifi. Amma ina roƙon akwatin adirenalin ya riga sanarwar isa, don kada mutane su amsa kira su je su tarar babu. Mu iyalan masu wannan lalura a shirye muke mu zo gaban duk kwamitin da kuka kafa mu faɗi abin da muka gani.

Allah ya ba ku ikon dubawa.